Darasi: Mai Amsa Kiran Gaggawa

A Nijeriya lambar kiran gaggawa ita ce 112, kyauta ce kuwa. Wanda ke ɗaukar wayar ba likita ba ne. Aikinsa ya saurara, ya rubuta, ya miƙa maganar ga 'yan sanda, ko 'yan kwana-kwana, ko motar asibiti.

Abin da ya fi bukatar sani shi ne inda muke. Nan ne mu mutanen karkara mukan yi tuntuɓe. Hanyoyinmu ba su da suna, kuma ƙauyuka nawa ne ake kira Sabon Gida? Sai mu faɗi jiha, da ƙaramar hukuma, da kasuwa mafi kusa, da wata alama kamar gada ko makarantar firamare. Kada mu kashe waya sai ya sallame mu. Mu kuma tura wani bakin hanya ya tari motar.