Ɗan Damfarar Llanview da Dariyar da Ake Yi Masa

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, matso kusa ka ba ni aron kunnenka, domin ina so mu yi magana a kan wani mutum da bai taɓa taka ƙasa ba, marubuta ne suka ƙaga shi, amma ya yi kusan shekara 20 yana shiga gidajen mutanen Amurka da tsakar rana ta akwatin talabijin, yana ƙarya yana cuta, su kuwa suna maraba da shi. Sunansa a wasan David Vickers, wanda ya fito a matsayinsa kuma ɗan wasa ne mai suna Tuc Watkins. Na zaɓe shi ne saboda na ga yadda ku matasa kuke bin wasannin kwaikwayo masu dogon zango, kuma na lura duk wasan da aka sa mayaudari mai daɗin baki, shi ne kuke kwana kuna labarinsa.

Irin waɗannan wasanni a Amurka a rediyo suka faro, a shekarun 1930, kamfanonin sabulu kamar Procter & Gamble ne ke ɗaukar nauyinsu domin su tallata hajarsu ga matan da ke gida da rana, daga baya suka koma talabijin. Wanda David ke ciki shi ne One Life to Live, wata marubuciya Agnes Nixon ta ƙirƙiro shi, tashar ABC ta fara nuna shi a 1968 ta daina a watan Janairun 2012, bayan kashi sama da 11,000. Ka yi tunani, ɗana, Litinin zuwa Juma'a, shekara da shekaru, ana buƙatar abin da zai sa mai kallo ya dawo gobe. Saboda haka marubucin irin wannan wasa ba ya iya zama da mutanen kirki zalla, dole ya nemo wanda zai riƙa dagula ruwa.

A 1994 David ya iso garin wasan, Llanview, a jihar Pensilbaniya. Babban gidan garin shi ne na marigayi Victor Lord, attajiri mai kamfanin jarida, kuma a lokacin matar da ya bari, Dorian, tana kurkuku bisa laifin kashe shi. Sai ga baƙon saurayi, mai kyan sura da ladabi, ya ce shi ɗan Victor ne da wata mata Irene Manning ta haifa masa a ɓoye, ga kuma littafin da Irene ke rubuta sirrinta a hannunsa, a ciki an rubuta cewa ita ce ta kashe Victor. Da wannan littafi aka saki Dorian, da shi kuma David ya sami wurin zama a cikin dangi, idonsa na kan dukiyar da marigayin ya ajiye wa ɗansa namiji.

A nan nake so ka tsaya ka duba da kyau, domin duk karatun yana nan. Bai shigo yana roƙo ba. Da kyauta ya shigo, kuma kowa ya kawo masa abin da zuciyarsa ke ƙishirwa. Matar da ke tsare ya kawo mata ƙofar fita, ƴaƴan marigayi, Viki da Tina, ya kawo musu ɗan'uwa, gidan da ya daɗe cikin zargi ya kawo masa amsa. Wanda ke cikin ƙunci idan aka miƙo masa mafita ba ya tsayawa duba tawadar takarda, kuma ko da shakka ta ɗarsa masa, shi da kansa zai danne ta, domin yana tsoron kada gaskiya ta ƙwace masa sauƙin da ya samu. Saboda haka rabin aikin ɗan damfara wanda ake cuta ne ke yi masa. Ka lura kuma da kayan aikinsa: mamaci wanda ba zai tashi ya ƙaryata shi ba, takarda mai kama da tsohuwa, da sirrin gida wanda mutane ke jin kunyar tonawa. Duk wanda ya taɓa zama a zauren rabon gado ya san waɗannan ukun.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, a wasa ma haka. Tina da yake kira ƴar'uwarsa ita zuciyarsa ta kama, har ya faɗa mata cewa ba su haɗa jini ba, ya aure ta, daga baya kuma ya auri Dorian. A 1995 aka gano magajin na gaskiya, Todd Manning, dukiya ta tafi wurinsa, maganar da ke cikin littafin nan ma ta tabbata ƙarya ce.

Da a rayuwa ne, nan labarin David zai ƙare, ko a gaban alƙali ko a gudun hijira daga gari. Amma masu kallo sun so shi. Tuc Watkins mutum ne mai iya ba da dariya, saboda haka marubuta suka riƙa dawo da shi, suna rage masa mugunta suna ƙara masa barkwanci, har ya zama wanda idan ya bayyana a ƙofa mai kallo zai gyara zama yana murmushi. A 2009 suka rubuta cewa ashe ɗan Bo Buchanan ne, shugaban ƴan sandan garin, ɗan gidan masu arziki. Mutumin da ya ƙaga wa kansa uba na ƙarya domin gado, sai aka ba shi uba na gaske mai mutunci. A 2011 kuma ya sake auren Dorian, suka tafi Washinton inda ta zama sanata.

Akwai takwaransa a wani wasan, The Young and the Restless na tashar CBS, mai suna David Kimble, wanda ya auri wata yarinya Nina domin kuɗin da ta gada. Shi ba ya ba da dariya, tsoro yake bayarwa, kuma a 1991 ya mutu a cikin injin matse shara. Sana'arsu guda, wato shiga gidan da ke da gado ta ƙofar soyayya ko zumunta, amma ɗaya aka jefa shi a shara, ɗaya aka yi masa biki. Gaskiya ne Kimble ya kai ga neman rai, sai dai abin da ya fi raba makomarsu shi ne wanne ne masu kallo ke son sake gani, domin yawan masu kallo ke kawo masu talla, masu talla ke biyan albashi. Hukuncin da kake gani a talabijin hukuncin kasuwa ne, ɗana, kada ka ɗauke shi ma'aunin yadda duniya ke tafiya.

Ban ce ka daina kallo ba, ban kuma ga laifin wanda ya yi dariya ba. Mu ma da tatsuniyar Gizo aka rene mu, muna murna idan ya yi wa Kura wayo. Sai dai kakar da ke ba da tatsuniya tana zaune tare da mu, tana ganin fuskokinmu, idan ta ga wani yaro ya fara sha'awar halin Gizo fiye da kima, ta san yadda za ta juya labarin ya sha kunya. Wayar da ke hannunka ba ta san ka ba, kuma babu ruwanta da abin da za ka zama.

Abin da wasa ba ya tsayawa a kai shi ne wanda aka cuta, bayan an kashe fitila. Na san wata baiwar Allah a unguwarmu da mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Ana cikin zaman makoki wani mutum ya zo da farar riga da carbi, ya yi ta'aziyya da hawaye, ya ce marigayi na bin sa bashi, ya ƙirga kuɗi ya ajiye a gaban kawun yaran. Kowa ya ce wannan mai tsoron Allah ne, tunda babu wanda ya san da bashin. Bayan ta fita takaba ya dawo da takardun wani fili, ya ce marigayin ya fara biya, saura cikon kuɗi, kuma a yi sauri a yi shiru kada dangin miji su sa ido. Ta sayar da sarƙarta da keken ɗinkin da take ci da yaran da shi. Filin na wani ne, mutumin kuma ya yi ɓatan dabo. Na gan ta bayan haka tana ɗinki da allura a ƙofar ɗaki, kuma abin da ya fi ci mata rai shi ne yadda ta daina yarda da duk wanda ya yi mata sallama da fara'a, har ƴan'uwan da suka zo da zuciya ɗaya.

Saboda haka, ƴar'uwata, ke da ke sauraro daga gefe, wannan maganar har da ke. Idan baƙo ya zo miki da ainihin abin da kika daɗe kina addu'a a kai, aure ne, aiki ne, riba ce mai ninkawa, ki yi murna amma ki ba abin lokaci. Ki tambayi su wane ne iyayensa, wa ya san shi a garinsu, ki tura wani babba ya je ya gani da ido. Mai gaskiya ba ya jin haushin bincike, yakan ma taimaka a yi shi, domin ya san zai fita. Wanda ya ce miki yau ko gobe, ya kuma ce kada ki gaya wa kowa, ya riga ya gaya miki ko shi wane ne. A ƙarshen 2016, lokacin da tsarin zuba kuɗin nan na MMM ya tsaya cak a Nijeriya, da yawa daga cikin waɗanda kuɗinsu ya maƙale masu ilimi ne, gaggawa da jin kunyar neman shawara ne suka kai su. Idan kuma ƙaddara ta riga fata aka cuce ki, kada ki rufe ɗaki ki yi shiru, ki faɗa wa naki, ki kai ƙara, domin shirun nan shi ne jarin da zai je ya cuci ta gaba da shi.

Kai kuma ɗana, tsoron da nake ji maka daban ne. Allah ya ba ka baki da saurin fahimta, kuma zamani ya zo da samari suna kiran cuta da sunan iya shege, suna nuna mota da agogo, ana tafa musu. Wata rana zuciya za ta raya maka cewa kai ma za ka iya, sau ɗaya kawai, kuma wanda za a karɓe wa ba zai ji a jikinsa ba. Ka tuna David Vickers yana da marubuta a bayansa masu goge masa laifi duk sanda suka ga dama, kai ba ka da su. Ƙarya ɗaya za ta nemi ta biyu ta tsare ta, sai ka wayi gari kana ƙirga wa ka gaya wa me, ba ka iya barci, ba ka iya haɗa abokanka biyu a ɗaki guda. Ranar da asiri ya tonu kuwa ba kai kaɗai za ka biya ba, mahaifiyarka za ta rage shiga mutane, ƙannenka mata za a riƙa tambayar gidansu kafin a nemi aurensu, kuma haƙƙin wanda ka cuta yana nan a wuyanka har sai ka mayar ko ya yafe.

Ka riƙe sana'arka ko da ribarta kaɗan ce, ka yi haƙuri da jinkirinta. Idan wani ya zo maka da harkar da aka ce sirri ce kuma ba ta jira, ka zo ka same ni ko wani babba da ka amince da shi kafin ka sa hannu, ko da tsakar dare ne. Allah ya tsare min ku, ya sa ku gama da duniya lafiya.