Ba a Filin Ƙwallo Ya Rasa Gwiwarsa Ba

Ranar Talatar da ta wuce na rufe ɗakin gashi da wuri, na shiga mota na zauna kusan rabin awa ban tayar da ita ba. Shekara 11 ke nan ina aikin fisiyo, kuma mafi yawan masu zuwa wurina 'yan ƙwallon unguwa ne, sai 'yan dambe, da masu ɗaga ƙarfe, da magidantan da ke buga ta motsa jini ranar Asabar da safe. Na ga karaya iri-iri, na ga gocewar ƙashi ba adadi. Amma wani yaro ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ce sai na rubuta, ko mutum ɗaya ne zai ji.

Shekararsa 19, lamba tara yake bugawa. Sati biyu kafin wannan Talatar mahaifinsa ya riƙo shi suka shigo, yana dogara sanda, ƙafar dama a lanƙwashe, yatsu kaɗai ke taɓa ƙasa. Kafin ya hau gado na riga na ga cinyar ta tsotse. Na sa tef na auna, ta gaza ta hagu da santimita 5. Gwiwar kuwa duk shatin tsaga ne, ƙanana-ƙanana a jere, ga baƙin zagayen ƙaho a gefe guda uku, ga tabon ƙuna a saman ƙwauri inda ruwan zafi ya saɓule fata.

Na ce, "Baba, yaushe abin ya faru?"

Ya ce, "Likita, tun bayan ƙaramar Sallah ne. Wata takwas ke nan muna fama."

Gasar unguwanni ce, a filin wata makarantar firamare. Ba wanda ya taɓa shi. Ya karɓi ƙwallo, ya kafa ƙafar dama zai juya ya yanke ɗan baya, sai ƙusoshin but suka kama busasshiyar ƙasa. Jiki ya juya, ƙafa ta tsaya. Ya ce shi da kansa ya ji ƙarar, ƙas, daga cikin gwiwar. Koci ya shigo da ruwan leda ya kwarara masa, wani ya kama ƙafar ya ja, aka ce ya tashi ya taka, ai namiji ne. Ya tashi, ya koma wasa, bai yi minti biyar ba ya sake zubewa. Kafin a kira magariba gwiwa ta cika tim kamar an kife masa ƙwarya.

Duk wanda ya yi ko wata shida a wannan aiki ya san fassarar wannan. Juyi ba tare da karo ba, ga ƙara, ga kumburi cikin awa biyu. Jini ne a gaɓa, kuma tsinkewar jijiyar ACL ta cikin gwiwa za a ɗauka har sai an tabbatar ba ita ba ce.

Washegari suka je aka ɗauki eksire. Ƙashi lafiya lau, ba karaya. Shi ke nan sai kowa ya yi hamdala, aka ce targaɗe ne. Na gaji da maimaita wannan magana: eksire ƙashi yake nunawa, jijiya da guringuntsi ba sa fitowa a ciki. Wanda ya ɗauki hoton ya san haka, amma ya karɓi kuɗinsa ya sallame su ba tare da ya ce su ga likita ba.

Daga nan sai wurin mai ɗori. Ƙarti biyu suka danne shi aka ja ƙafar. Aka sa gashi da tafasasshen ruwa da tsumma safe da yamma, a bi da man zafi a murje da ƙarfi. Da kumburi ya ƙi sauka aka yi tsaga, aka kafa ƙaho, wai a fitar da mataccen jini. Jinin yana can cikin gaɓa, ina ƙaho zai iske shi daga saman fata? Bayan sati uku kumburin ya sauka, kamar yadda zai sauka ko ba a taɓa shi ba, sai aka ce magani ya yi. Ciwo ya lafa, tafiya ta dawo, har gudu yana yi. Tarkon ke nan. Mai tsinkakkiyar ACL yana tafiya garau, yana gudu a miƙe. Juyi da birki ne gwiwar ba ta iya ɗauka, ƙwallo kuwa juyi ce da birki.

Ƙungiyarsu ta kai wasan ƙarshe, kuma an ce masu neman 'yan wasa za su zo kallo. Kocin da kansa ya goya shi a babur zuwa kemis aka yi masa allurar diklofinak, kafin a take wasa kuma wani abokinsa ya ba shi tiramol. Minti 20 ya yi a fili. Gwiwar ta sake gocewa, wannan karon ta kulle, ta ƙi miƙewa. Ko a nan aka tsaya aka kai shi asibiti, da da sauran gyara mai yawa.

Sai suka ga wani a TikTok mai kiran kansa kairofrakta. Yaron ya kwatanta mini wurin: shago ne da gado guda, ga waya a kan sanda tana ɗaukar bidiyo. Mutumin bai nemi hoto ba, bai tambayi yadda aka ji ciwon ba. Ya dubi dugadugansa ya ce ƙugu ne ya goce, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ya ɓalla masa wuya, ya ɓalla baya, sannan ya hau kan kullalliyar gwiwar da nauyin jikinsa zai miƙe ta da ƙarfin tsiya. Zama 12 suka yi, kowane zama da kuɗinsa. Yaron ya ce a zama na uku ihun da ya yi sai da mai shagon kusa ya leƙo, aka ce masa alamar aiki na ci ne. Don Allah me ya haɗa wuya da gwiwar da ta kulle?

Ranar da suka fara zuwa wurina, da na yi masa gwajin Lachman, ƙwaurin ya zamo gaba a hannuna ba wani birki. Miƙewa saura digiri 20, tana kaiwa nan sai ta toge kamar an sa dutse a ƙofa. Ban yi masa wani gashi ba, na tura su hoton MRI. Sakamakon ne suka kawo ranar Talata. ACL babu ita. Guringuntsin meniskos na ciki ya yage ya naɗe ya shige tsakiyar gaɓa, shi ne ya kulle ta. Guringuntsin kan ƙashin cinya ya fara cinyewa, a gwiwar ɗan shekara 19.

Mahaifin ya ce, "To Likita, gashi nawa za a yi masa ya warke?"

Na ce, "Baba, wannan ya wuce gashi. Aikin likitan ƙashi ne, tiyata za a yi. Nawa aikin sai kafinta da bayanta."

Dattijon ya cire hula ya ɗora a gwiwarsa, ya fara lissafa mini abin da ya kashe da yatsu: mai ɗori, wanzami, kemis, mai ɓalle-ɓalle, kuɗin mota. Ya ce har akuyoyin mahaifiyar yaron an sayar. Kuɗin da ya ambata ya ninka na MRI, wanda suka ce tun farko tsadarsa ce ta hana su. Shi kuma yaron, da bai yi magana ba tun shigowarsu, ya ɗago ya ce, "Likita, zan ƙara buga ƙwallo?" Na gaya masa gaskiya, cewa tafiya ba sanda ita muke nema yanzu, maganar ƙwallo sai mun ga abin da aka tarar a ciki. Meniskos ɗin da aka kama da wuri ana iya ɗinke shi. Wanda ya yi wata da watanni a naɗe, aka kuma hau kansa aka danne, sau da yawa sai dai a yanke a fitar, gwiwar da ba shi kuma da wuri take tsufa. Bai yi kuka ba. Ya sunkuyar da kai yana murza sandarsa, wannan ne abin da ya hana ni tayar da mota.

Yaran nan duk sun san Virgil van Dijk. ACL ɗinsa ta tsinke a wasan Liverpool da Everton a Oktoban 2020, bai dawo ba sai bayan wata tara. Sun ga Rodri ya hau dandamali da sanduna ya karɓi Ballon d'Or a 2024, wata guda bayan tasa ta tsinke a wasa da Arsenal. Waɗannan suna da likitocin da duniya ke ji da su, amma sun jira. Kai da ba ka da kowa sai kemis ɗin bakin layi, sati uku za ka koma?

Raunin farko ƙaddara ce. Abin da ya biyo baya hannun mutane ne.

Gwiwar da ta yi ƙara ta kumbura a ranar, ba targaɗe ba ce har sai wanda ya sani ya duba.

Rashin jin ciwo ba warkewa ba ne.

Kada a sa zafi a sabon rauni. Ƙanƙara a cikin tsumma, bandeji, a ɗaga ƙafa, a daina takawa, a nemi mai lasisi. Ruwan zafi da man zafi da murza a kwanakin farko ƙara kumburi suke yi. Ban san sau nawa zan faɗi wannan ba, amma duk sati sai an kawo mini ƙafa tana warin man zafi ta yi jawur. Kada a ja gaɓar da ba a san abin da ya same ta ba. Gwiwar da ta kulle ba a miƙe ta da ƙarfi, wani abu ne ya tokare a ciki. Allurar kashe ciwo don a buga wasa kuwa zalunci ne, ko wa ya kai yaron. Tiramol tun Janairun 2024 hukumar WADA ta haramta shi a lokacin gasa, mu kuma a nan kamar alewa ake miƙa shi a bayan raga. Wanda ya bugu a kai ya ga jiri ko ya yi amai, ya gama wasa a ranar. Kuma na sake faɗa, kada a sa zafi.

Masu ɗori ba na raina gadonku, kuma na san wasu a cikinku da ke cewa wannan ba nawa ba ne, ku tafi asibiti. Allah Ya saka musu. Amma mai ɗaure hannun yaro da karare tamau har yatsu su kumbura su yi baƙi yana cewa a yi haƙuri, ya je sashen ƙashi na kowane babban asibiti a Arewa ya ga yaran da aka yanke wa hannu saboda irin wannan ɗaurin.

Masu ɓalle-ɓalle na waya su ne suka fi ƙona mini rai. A Amurka, inda sana'ar kairofrakta ta faro a 1895, kusan shekara huɗu ake yi ana karatunta bayan share fage a jami'a, sannan a zauna jarrabawar lasisi. A Najeriya hukumar MRTB, wadda dokar kafa ta ta fito tun 1988, ita ke yi wa 'yan fisiyo da kairofrakta rajista. Ku tambayi mutum lasisinsa, mai shi ba ya jin haushin tambaya. Ƙarar ƙas-ƙas ɗin da ake ɗauka a bidiyo iska ce a ruwan gaɓa, ba wani ƙashi da ya koma mazauninsa. Murɗe wuya kuma yana iya yaga jijiyar jinin da ke hawa ƙwaƙwalwa, mutum ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ba kullum yake faruwa ba, amma wanda ya faɗa wa ya gama shiga uku.

Abokan aikina ma ina da magana da ku. Ƙananan da ke buɗe wuri suna yawan tambayata yadda na tara 'yan wasa. Ba wani sirri. Shekara biyu na yi ina zuwa filayen unguwa da kular ƙanƙara da bandeji ranar Asabar da Lahadi, ina duba yara kyauta, ina gaya wa wanda ba nawa ba ne cewa ba nawa ba ne. Wanda na tura wurin likitan ƙashi shi ne ya dawo mini bayan tiyata, ya kuma kawo 'yan ƙungiyarsu. Amma akwai masu lasisi a cikinmu da za su karɓi irin yaron nan su jera masa zama 20 na lantarki da fitila, sun san sarai gwiwar a kulle take. Me ya raba ka da mai shagon TikTok in ka yi haka? In da uban nan ya faɗa hannun irinsu, da sauran abin da ya rage masa ma ya tafi.

Kociyoyi, amana ce a hannunku. Kofin unguwa bai kai gwiwar ɗan mutane ba. Akwai tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+, minti 20 ne, ba ya buƙatar komai sai fili da ƙwallo. An gwada shi a kan matasan 'yan wasa a Legas, sakamakon da ya fito a 2014 ya nuna raunuka sun ragu da kashi 41 cikin 100. Amma har yau zagaye fili sau biyu ake yi, a buga tsalle uku, a ce a take. Iyaye kuma, in yaro ya dawo yana ɗingishi ku duba ƙafar da idonku, yaran nan ɓoyewa suke yi don kada a hana su fita.

Na rubuta musu takardar zuwa wurin likitan ƙashi, na fara masa atisayen tayar da cinya kafin lokacin, ban karɓi kuɗin ranar ba. Suna bakin ƙofa mahaifin ya juyo ya ce, "Likita, ƙanensa ma yana bugawa, a wurin kocin nan." Shekararsa 15. Na karɓi kwatancen filin, ranar Asabar da safe zan je in ga kocin ido da ido.