Tarawa da Ɗebewa a Haɗaɗɗun Lambobi

Gabatarwa

Duk lambar da ɗalibi ya saba da ita, idan aka ninka ta da kanta, amsar ba ta yin ƙasa da sifili: 3 sau 3 tara ne, −3 sau −3 ma tara ne. Don haka babu wadda za ta warware x² = −1 a cikinsu. Wannan ne ya sa masana lissafi suka samar da lambar i, wadda idan aka ninka ta da kanta take ba da −1. Rafael Bombelli, mutumin Italiya, shi ya tsara ƙa'idojin aiki da irin waɗannan lambobi a 1572, harafin i kuwa Leonhard Euler ne ya shigo da shi a 1777.

Haɗaɗɗiyar lamba tana da sigar a + bi. Ana kiran a sashen zahiri, b kuma sashen zato. Sunan "zato" bai yi wa lambar adalci ba, domin da ita injiniyoyin lantarki suke lissafinsu na yau da kullum.

Tarawa

Ƙa'idar ɗaya ce: zahiri da zahiri, zato da zato.

(5 + 3i) + (2 + 6i) = 7 + 9i

Malami na iya kwatanta wannan da awo. Wanda yake da mudu 5 na gero da 3 na dawa, aka ƙara masa 2 na gero da 6 na dawa, gerensa 7 ne, dawarsa 9. Sai dai a faɗa wa ɗalibai tun da wuri cewa kwatancen bai wuce tarawa da ɗebewa ba. A darasin ninkawa zai rushe, tunda i sau i na komawa zahiri, dawa kuwa ba ta zama gero.

Ɗebewa

A nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Dubi wannan:

(7 + 2i) − (3 − 5i)

Alamar ɗebewa da ke gaban baka ta shafi duk abin da ke cikin bakar. Wato 3 zai zama −3, shi kuma −5i ya zama +5i. Amsa ita ce 4 + 7i. Ɗalibin da ya sauya alamar 3 kaɗai zai sami 4 − 3i. Kada malami ya tsaya ga jan biro a kan irin wannan amsa. Ya sa ɗalibin ya tara amsarsa da lambar da ya ɗebe: (4 − 3i) + (3 − 5i) ta ba da 7 − 8i, alhali daga 7 + 2i aka fara. Da kansa zai gano inda ya kauce.

Aikin Yi

1. Warware (6 − 4i) − (−2 + i), sannan ka tabbatar da amsarka ta hanyar tarawa.
2. Tara 4 + 3i da 4 − 3i. Ina sashen zato ya tafi?
3. Kawo wani kwatance, ban da na hatsi, da za ka yi wa ɗalibanka bayanin tarawa da shi.