Gangare da Sarari: Kimiyyar Wasan Zamiya a kan Dusar Ƙanƙara

Gabatarwa

A watan Disamba, lokacin da hunturu ya kankama, manomin alkama a Kura ko Bunkure yakan yi sammako cikin jaura ya buɗe ƙofar kanal, ruwa ya kwararo gonarsa ba tare da wani inji ya turo shi ba. Ruwan ya taso ne daga Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ya biyo ta Ruwan Kanya, yana gangarowa a hankali saboda madatsar ta fi gonakin tudu. A daidai wannan lokaci ne kuma miliyoyin baƙi ke tururuwa zuwa tsaunukan Turai domin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Doka ɗaya ce ke tafiyar da ruwan kanal da ɗan zamiya: ƙasa tana janyo duk abin da ke sama zuwa gangare, gogayya kuma tana rage masa gudu. Wannan darasi zai yi amfani da abin da mai karatu ya saba gani a bakin kanal domin bayyana nau'o'i biyu na wasan, da yadda baƙo zai zaɓi wanda ya dace da shi.

Katakon zamiya

Dusar ƙanƙara ta bambanta da ƙanƙarar da ke faɗowa da damina. Ita tana da laushi kamar auduga, kuma tana zuba ne idan sanyin iska ya sauko kusa da digiri 0 a ma'aunin Salshiyas. Sanyin Kano mafi tsanani bai cika sauka ƙasa da digiri 10 ba, shi ya sa ba a ganinta a ƙasar Hausa.

Wanda ya taka dusa mai zurfi da takalmi zai nutse har gwiwa. Maganin da mutanen arewacin duniya suka samo shi ne ɗaura dogon katako a kowace ƙafa. Katakon yana raba nauyin mutum a kan wuri mai faɗi, kamar yadda faffaɗar ƙafar raƙumi ke hana shi nutsewa a rairayi. An tono guntayen irin wannan katako a arewacin Rasha waɗanda suka kai kimanin shekara 8,000. Da shi ake farauta da fatauci kafin ya zama abin wasa, kuma da shi Fridtjof Nansen, mutumin Norwe, ya ƙetare tsibirin Girinlan a 1888.

Santsin kuwa daga gogayya yake samuwa. Yayin da katakon ke gugar dusa, ɗumi kaɗan yana tasowa ya narkar da ita, sai a sami siririn ruwa a tsakani wanda ke aiki kamar man shafawa a jikin inji. Saboda haka idan sanyi ya yi tsananin gaske katakon ba ya gudu sosai, domin dusar ba ta narkewa da sauƙi.

Zamiyar gangare

A wannan nau'i, kujerun da ke rataye a igiyar ƙarfe ne ke ɗaukar mutum zuwa kan tsauni, sannan ya gangaro. Ana ɗaure takalminsa da katakon gaba da dunduniya. Duk gudun da zai yi daga tudun da ya hau yake fitowa, kamar dai yadda ruwan Tiga ke samun ƙarfinsa. Lissafi ya nuna cewa in ba don gogayya da iska ba, wanda ya sauko daga tudu mai tsawon mita 20 kawai zai isa ƙasa da gudun kimanin kilomita 70 a awa. A gasar da aka yi a Wengen ta ƙasar Suwizalan a 2013, Johan Clarey na Faransa ya haura kilomita 160 a awa.

Ke nan gwanintar wannan nau'i tana cikin rage gudu. Ɗan wasa yana karkatar da gefen katakon ya caki dusa, yana lanƙwasa dama da hagu, domin ya tsawaita hanya ya sassauta gangaren. Injiniyoyin kanal ma haka suke yi: inda ƙasa ta yi gangare da yawa sukan gina matakala ta siminti don karya ƙarfin ruwa, kada ya zaizaye gaɓa. A Turai ana yi wa hanyoyin alama da launi: shuɗi mai sauƙi, ja matsakaici, baƙi na ƙwararru, wasu ƙasashe kuma suna ƙara kore domin 'yan koyo.

Zamiyar sarari

Wannan shi ne tsohon nau'i, kuma a fili ko kan ƙananan tudunni ake yinsa. Katakon siriri ne mara nauyi, gaban takalmi kaɗai ake ɗaurewa, dunduniya tana ɗagawa. Tun da babu gangaren da zai ja mutum, ƙarfin ƙafa da na hannu ne ke tura shi, da taimakon sanduna biyu. Misalinsa shi ne mai ban ruwa da jigo, wanda duk gugan da ya hau da guminsa ya hau.

A nan ana bukatar abu biyu masu saɓani daga katako ɗaya: ya kama dusa lokacin turawa, ya kuma sulɓe lokacin tafiya. Don haka ake ƙera shi da ɗan doro a tsakiya, a shafa wa tsakiyar kaki mai danƙo, gaba da baya kuma kaki mai santsi. Idan ɗan wasa ya danna ƙafa ɗaya da duk nauyinsa, tsakiyar ta taɓa dusa ta kama. Idan ya raba nauyin a ƙafa biyu, ta ɗaga ya zarce. Shahararriyar gasar wannan nau'i ita ce Vasaloppet ta ƙasar Suwidin, mai nisan kilomita 90, wadda aka fara a 1922. Zamiyar sarari tana cikin gasar Olamfik ta lokacin sanyi tun ta farko a Chamonix a 1924, ta gangare kuwa sai 1936 ta shiga. A wannan nau'i ne Samuel Ikpefan ya wakilci Nijeriya a Olamfik ta Beijin a 2022.

Zaɓin baƙo

Ɗalibi ko ɗan kasuwar da lokacin sanyi ya riska a waɗannan ƙasashe yana da zaɓi. Zamiyar sarari ta fi araha, haɗarinta kaɗan ne, amma tana bukatar juriya. An fi yinta a Norwe da Suwidin da Finlan. Ta gangare tana bukatar kuɗin hawan kujera, da hular kwano, da malami, domin karaya da gurɗewar gwiwa sun fi yawa a cikinta. Cibiyarta ita ce tsaunukan Alps na Faransa da Suwizalan da Ostiriya da Italiya. Kowanne aka zaɓa, dole a sa baƙin tabarau, saboda sabuwar dusa tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙona ido. Fita daga hanyar da aka shata kuwa ganganci ne, domin dusar da ta taru a kan tsauni takan zabtaro ta binne mutane.

A Afirka ma ana yin wasan, saboda duk hawan mita 1,000 yana rage zafin iska da kimanin digiri 6 da rabi. Akwai Oukaimeden a tsaunukan Atlas kusa da Marrakesh a Maroko, a tudun da ya kai mita 2,600, da Afriski a Lesoto, inda sanyi ke zuwa daga Yuni zuwa Agusta.

Kammalawa

Gangare ba ya canzawa, amma sanyi yana canzawa. Ɗumamar yanayi ta gajarta lokacin dusa a wurare da dama, musamman masu ƙarancin tudu, har ta kai ana tara ruwa a madatsu ana fesa shi cikin iska mai sanyi don ya zama dusa. Kusan duk dusar da aka yi gasar Beijin a kanta ta inji ce. Alkamar Kadawa ma jarinta sanyi ne da ruwa: wadda aka makara shukawa zafin Maris yakan riske ta kafin ta cika ido, hatsin ya ƙanƙance. Mai filin zamiya da manomin rani duk kwanakin sanyi suke ƙirgawa.

Gwaji ga ɗalibai

A jingina katako mai santsi a kan bulo, a ɗora masa sabulu busasshe, a riƙa ɗaga gefe ɗaya har sabulun ya fara zamewa, a auna tsawon da aka ɗaga. Sai a jiƙa katakon a sake gwadawa. Bambancin awo biyun shi ne aikin da siririn ruwan nan ke yi a ƙarƙashin ƙafar ɗan zamiya.