Sayen tsabar dala don tara makin katin bashi: yana ci har yanzu?

Tambaya: Ina zaune a unguwar Bronx ta birnin New York, ina tuƙin tasi. Wani abokin aikina ya ba ni shawara in riƙa sayen tsabar dalar nan ta tunawa da shugabannin Amurka da katin bashi, dala ɗaya a kan dala ɗaya, in kai banki in biya bashin katin da ita, makin da na tara kuma in yanki tikitin zuwa gida. Ya ce ko sisi ba zan yi asara ba. Shekara huɗu ke nan rabona da mahaifiyata. In shiga?

Amsa: Allah ya sada ka da Hajiya mahaifiyarka cikin alheri. Abokinka bai yi maka ƙarya ba, labari ne na gaskiya, sai dai ya kwana biyu. An yi wannan harka a Amurka, wasu sun ci moriyarta, amma tun shekarar 2011 aka toshe ta. Bari in warware maka yadda ta kasance, domin wanda ya fahimci dalilin da ya sa ta yi aiki a wancan lokaci ba za a yaudare shi da mai kama da ita ba.

A 2005 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar buga tsabar dala ɗaya mai ɗauke da fuskokin tsofaffin shugabannin ƙasar. Aka fara da George Washington a 2007, ana fitar da shugabanni huɗu kowace shekara. Gwamnati na son jama'a su saba da tsabar saboda ƙarfe yana shekaru yana yawo, takarda kuwa ba ta jimawa take tsufa. Amurkawa suka ƙi, suka riƙe takardarsu. Don haka a watan Yunin 2008 hukumar buga tsabar kuɗi ta ƙasar, wato US Mint, ta fito da wani shiri: ka yi oda ta intanet, a sayar maka da akwati na dala 250 a kan dala 250 daidai, a kawo maka har ƙofar gida ba kuɗin aike, kuma an yarda ka biya da katin bashi. Fatan hukumar shi ne masu shaguna da magidanta su kashe tsabar a kasuwa ta shiga hannun mutane.

Masu farautar makin jirgin sama suka hango abin da hukumar ba ta hango ba. Kamfanin kati yana lissafa wannan a matsayin sayayya, kamar ka sayi takalmi, don haka yana ba da maki. Amma abin da ka saya kuɗi ne. Sai mutum ya yi odar dubban daloli, akwatuna su iso, ya loda a mota ya kai banki ko buɗe su bai yi ba, ya biya katin kafin wata ya ƙare, maki ya zama nasa. A watan Disambar 2009 jaridar Wall Street Journal ta fallasa lamarin. Hukumar ta fara taƙaita yawan abin da mutum zai saya, ta aika wa manyan masu saye wasiƙu, daga bisani a watan Yulin 2011 ta daina karɓar katin bashi a shirin baki ɗaya. A lokacin tsabar dala ta fiye da biliyan ɗaya tana jibge a rumbunan babban bankin ƙasar ba mai nema, kuma a Disambar 2011 gwamnati ta dakatar da buga ta don kashewa a kasuwa.

Ka lura da wanda ya biya kuɗin waɗancan tikitoci. Duk lokacin da aka goga kati, mai sayarwa ne ke biyan kamasho, yawanci tsakanin kashi 2 zuwa 3 cikin 100, kuma daga cikin wannan kamasho banki ke gutsuro maka maki. A wancan shiri hukumar gwamnati ce ke biyan kamashon, ita ce kuma ke biyan dakon ƙarfe mai nauyi zuwa gidajen mutane, ƙarfen ya zagaya ya koma rumbu. Ni a ganina rufewar ta yi daidai, domin dukiyar jama'a ce ake zubarwa. Ba wani ɗan kasuwa da zai sayar maka da dala a kan dala ya kuma biya kamasho daga aljihunsa, sai in akwai inda zai fanshe.

Harkar ta tsaya ne a kan abubuwa uku: farashi daidai da abin da ke rubuce a jikin tsabar, aike kyauta, da banki mai karɓa ba gardama. Ɗaya ya faɗi, riba ta tafi. Yau US Mint tana sayar da tsabar dala ɗaya a naɗe ko a jaka, amma da ƙari a kan darajarta, ga kuɗin aike. Tsabar tunawa ta ainihi kuwa, irin ta azurfa da zinariya, farashinta ya ninka abin da aka rubuta a jikinta sau da yawa, har da wani ƙarin da doka ta ɗora: dala 10 a kan kowace dalar azurfa, dala 35 a kan ta zinariya. Maki na kashi 1 ko 2 cikin 100 ba zai cike wannan giɓi ba.

Abu na uku, wato karɓar banki, shi ne ya fi cutar da mutane, kuma a Ingila aka ga misalinsa. A 2013 hukumar buga tsabar kuɗi ta ƙasar, wato Royal Mint, ta fito da tsabar azurfa ta fam 20 a kan fam 20, a 2015 ta ƙaro ta fam 100 a kan fam 100. Masu neman maki suka yi irin ta Amurka. A farkon 2016 hukumar ta sanar da bankuna cewa wannan tsaba ta ajiye tarihi ce, kada su karɓe ta. Mutane suka wayi gari da akwatunan tsaba a ɗaka da bashin kati a wuya. Sun dogara da cewa doka ta kira tsabar halastaccen kuɗi, ba su san ma'anar wannan a dokar Ingila ƙunƙuntacciya ba ce: ta shafi biyan bashi ne a gaban kotu, ba ta tilasta wa banki ko mai shago karɓa ba. Azurfar da ke cikin tsabar fam 20 rabin oza ce kacal, a lokacin ba ta kai rabin kuɗin da aka saye ta ba. Kanada ma ta yi shirin dala 20 a kan dala 20 daga 2011, ta rufe shi a farkon 2017.

Yanzu mu yi lissafi da naka halin, a ce ma ƙofar na buɗe. Kowace tsabar dala tana da nauyin giram 8.1. Mu ƙaddara tikitin zuwa gida da dawowa zai ci maki 80,000, katinka kuma maki ɗaya yake bayarwa a kan kowace dala. Sai ka sayi tsaba 80,000, nauyin kilo 648, kusan buhun shinkafa 13 na kilo 50. Duk wannan kai za ka hau da shi bene ka sauko da shi, ka yi layi a banki, a awannin da ya kamata kana kan titi kana neman fasinja.

Nauyin ma ba shi ne abin tsoro ba. Kuɗin ruwan katin bashi a Amurka ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara. Idan ka ɗauki dala 5,000 a kati, makinka bai wuce na dala 50 zuwa 100 ba. Akwati ya makara a hanya, ko banki ya riƙe ajiyar na 'yan kwanaki, ranar biya ta wuce, ruwan wata ɗaya kaɗai ya haura dala 80, ban da tarar makara. Ga mu Musulmi kuma wannan ba asarar kuɗi kaɗai ba ce, ribar da addini ya haramta ce aka faɗa cikinta saboda tikiti. Akwai malaman da ba su yarda da sa hannu a yarjejeniyar katin ba tun farko, akwai masu sassauci ga wanda ke biya cif kafin ruwa ya hau. Ka tambayi malamin da ka amince da iliminsa.

Sai batun banki. Duk ajiyar tsabar kuɗi da ta haura dala 10,000 a rana, banki na cike takardar rahoto zuwa ga hukuma. Wannan ba laifi ba ne, ba kuma abin fargaba ba. Laifin shi ne ka rarraba kuɗin, yau 9,000 gobe 9,000, don kauce wa rahoton. Dokar tarayya ta haramta hakan ko da kuɗin na halal ne, ana iya ƙwace su, ana iya gurfanar da mutum. Ga baƙo mai neman takardun zama ko na zama ɗan ƙasa, wannan ba tabon da zai so a sunansa ba ne. Kamfanonin kati kuma sun rubuta a sharuɗɗansu cewa sayen abin da yake daidai da kuɗi ba ya jawo maki, suna da ikon ƙwace makin su rufe asusun. Wani lokaci ma su lissafa cinikin a matsayin ciro kuɗi daga kati, wanda ke da nasa caji, ruwa kuma ya fara hawa tun ranar. Hakan na yawan faruwa ga masu tura kuɗi gida da katin bashi, don haka ka tura wa Hajiya daga asusunka na banki.

Hanyar da nake ba ka shawara ba ta da armashin labarin abokinka, amma tana kai mutum gida. Kai direba ne, kana kashe kuɗi a mai, inshora, gyaran mota da waya ko da kati ko babu. Idan ka gamsu da riƙe katin, ka ɗora waɗannan a kansa, kada ka ƙara ko dala ɗaya da ba ka yi niyyar kashewa ba, ka sa banki ya riƙa cire cikakken bashin da kansa kowane wata. Ana samun maki mai yawa daga garaɓasar buɗe sabon kati, inda ake ba da dubban maki ga wanda ya kashe wani adadi cikin watannin farko. Ka duba ko kashe-kashenka na yau da kullum za su kai adadin, ka duba kuɗin shekara na katin, ka kuma tabbatar makin yana aiki a jirgin da ke zuwa inda za ka. In ba su kai ba, ka bar shi. A gefe guda ka buɗe asusun ajiya na tikiti, kana jefa dala 30 ko 40 duk mako. Dala 40 a mako ta haura 2,000 a shekara.

Idan kuma ka riga ka sayi tsabar dala daga wani wuri, ba ta ɓaci ba, kuɗi ce da ake kashewa a Amurka. Ka adana rasit, ka je reshen bankinka ka tambayi yadda suke karɓar tsaba, ka kai ta gaba ɗaya a lokaci guda, ka biya katin a ranar. Amma sabon saye don neman maki, kada ka yi, kuma ka faɗa wa abokinka shi ma ya tsaya.