Mu auna ƙarfin ruwa kafin mu ƙetare gulbi

Ƴan uwa manoma, Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake tasowa, ya bi ta Madarumfa, Maraɗi, Tibiri da Gidan Rumji. Saboda haka yakan cika ko da ba a yi ruwa a garinmu ba. Ido ba ya iya faɗin ƙarfin ruwa. Ruwa mai gudu sosai, ko zurfinsa santimetir 15 ne kawai, yana iya kayar da babban mutum.

Ma'aikatan ruwa suna da na'urori masu tsada. Mu kuwa abu huɗu sun ishe mu: igiya mai metir 10, turaku 2, agogo ko salula, da totuwar masara 3.

Ga yadda ake yi:

1. A zaɓi wurin da gulbi ya miƙe. A kafa turakun a bakin gaɓa, metir 10 tsakaninsu. Kada kowa ya shiga ruwa.

2. Mutum ɗaya ya jefa totuwa tsakiyar ruwa, gaba kaɗan da turken farko, ta wajen da ruwa ke fitowa.

3. Mai agogo ya ƙidaya daƙiƙa, daga turken farko zuwa na biyu. Mu tuna, daƙiƙa 60 ne minti 1.

4. A yi haka sau 3, a rubuta.

In totuwa ta yi daƙiƙa 20, ruwa yana cin rabin metir a daƙiƙa. In ta yi daƙiƙa 10, yana cin metir guda. A irin wannan gudu, ruwan da ya kai gwiwa yana tafiya da yaro, babba ma bai tsira ba. A dakata har ya janye.

A lura kuma da tafiyar totuwa. In tana juyawa wuri ɗaya, ko tana komawa baya, ko tana nutsewa tana fitowa, ruwan wurin yana murɗawa. Sau da yawa akwai rami, dutse ko kututture a ƙasa. Nan ba mashigi ba ne, ko ga mutum ko ga dabba. Kada a ajiye injin ban ruwa a gaɓar wurin, domin tana iya zabtarewa.

Jinkirin kwana ɗaya bai kai asarar rai ba.

Tambayoyi:

1. Kayan awo nawa muke bukata?

2. Totuwa ta yi daƙiƙa 8, ruwa ya kai gwiwa. Mi za mu yi?