Amsar Tambaya: Suna Ne Ko Aikatau?

Tambaya: Ina shirin jarrabawar WAEC, amma na kasa bambance suna da aikatau a Turanci. Ina mafita?

'Yata, daina duban kalma ita kaɗai, dubi aikinta cikin jimla. Turanci ya zubar da yawancin ɗafa-ƙeyarsa ƙarnuka da suka wuce, shi ya sa water, book da record kan zama suna a wannan jimla, aikatau a waccan. Gwajin bai da wuya. In kalma ta biyo bayan the ko my, ta kuma tsaya da ƙafarta, suna ce. In ta bi will ko can kai tsaye, galibi aikatau ce. A record ma kunne na taimakawa, domin suna kan ɗauki nauyin murya a gaɓar farko, aikatau a ta biyu.

Za ki ce malaminku ya koyar cewa -tion da -ment alamun suna ne. Bai yi kuskure ba, sai dai question, mention da comment duk suna zuwa a matsayin aikatau. Harafi ma ba kullum ake dogara da shi ba: Ingila na rubuta practice suna, practise aikatau, Amurka kuwa practice take rubutawa duka biyun. Advice da advise kam ko'ina c ta suna ce, s ta aikatau.